Daga Daɓe Zuwa Tayil: Tarihin Gyaran Ɗaki a Tawa da Arewacin Adar

Daɓe shi ne tsohuwar hanyar da Hausawa ke bi su gyara ƙasan ɗaki. Ana baza tsakuwa ko dakakkiyar marmara, a yayyafa mata ruwa, a yi ta dukan ta da madaɓi har ta haɗe ta yi tauri, sannan a shayar da ita ruwan makuba ko na bagaruwa don ta ƙara ƙarfi ta kuma yi launi. A ƙasar Adar da birnin Tawa, kamar sauran ƙasar Hausa, daɓe ne ƙololuwar gyaran ƙasan ɗaki tun kaka da kakanni, kafin siminti ya shigo, leda ta biyo shi, tayil ya zo daga baya. Babu wanda ya kori ɗan'uwansa gaba ɗaya a cikinsu. A unguwa guda a Tawa ana iya samun duka huɗun, wani lokaci ma a gida guda: tayil a falon maigida, leda a ɗakin amarya, siminti a zaure, ɗakin tsohuwa kuwa yana nan da daɓensa. Kowane sauyi ya zo da sabon mai aiki da sabuwar hanyar samun kuɗin aikin, kuma ta nan ne tarihin ya fi fitowa sarai.

Adar ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu, waɗanda kwaruruka irin na Majiya da Keita da Badagishiri suka ratsa. Jan dutse da marmara ba sa wuyar samu a nan, shi ya sa a garuruwa da dama na yankin Keita da Buza ake jera dutse da laka a tayar da katanga. Idan aka bar Tawa aka nufi arewa maso yamma, wajen Takanamat, dutse yana raguwa, tuddan rairayi suna ƙaruwa, har a shiga filayen kiwo na Azawak. Ruwan sama ma haka: a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma yana ƙara ja baya gwargwadon yadda aka yi arewa. Takanamat ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomin karkara na gundumar Tawa, tare da Afala da Barmu da Kalfu da Bambai da Tabaram, kuma a cikinta ne manoma Hausawa ke maƙwabtaka da makiyaya Abzinawa da Fulani. Saboda haka al'adun muhalli biyu ne suka haɗu a wurin, ta mai zama wuri ɗaya da ta mai tashi da garke.

Ga makiyayi, ƙasan ɗaki rairayi ne. Tantin fata na Abzinawan Azawak, wanda mata ke ɗinkawa da fatun awaki su shafe shi da mai da jar ƙasa, ana kafa shi a kan wuri mai tsabta, a share ƙaya da kashin dabbobi, a kafa gado, a shimfiɗa tabarmi. Wanda zai tashi bayan ƴan makonni ba shi da dalilin daɓe. Manoman arewacin Adar su ma sun daɗe da wannan hanya. Ana ɗebo farin rairayi daga ƙorama, a tankaɗe shi, a baza a ɗaki da zaure da masallaci, idan ya yi dauɗa ko salla ta gabato a kwashe a kawo sabo. Rairayi yana da sanyi a lokacin zafi, yana shanye abin da ya zube, kuma ba ya cin ko sisi. Sai dai yana ɓoye kunama da ƙuma, yana haɗiye allura da ɗan kunne, yaro mai rarrafe kuwa ba ya rabuwa da kai shi baki. Daɓe ya fi yawa a inda aka zauna aka kafu, inda akwai marmara kusa da kuma mata masu yawa da za a gayyata.

Irin wannan zama tsoho ne a Adar. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar da yaƙi, zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, ya wallafa littafi a kan wannan zamani a 1975. Ita Tawa kanta ta taso ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, ta zama kasuwar da manomi da makiyayi ke musanya hatsi da dabba da gishiri da fata. Ɗakunan wancan lokaci sun haɗa da bukkar kara, da kago mai jinka, da kudandan wanda har rufinsa laka ce, da soro mai rufin itace da ƙasa. Bene kuwa abu ne na sarakuna da manyan attajirai. Dalilin ba kuɗin magini kaɗai ba ne. Azara mai kyau daga giginya take fitowa, giginya kuma ta fi yawa can kudu, wajen Dallol Mauri da Gaya, don haka mai gini a Adar yakan dogara da goriba da gajerun itatuwan daji, waɗanda ba su cika ɗaukar nauyin ɗaki a kan ɗaki ba.

A tsarin aikin gargajiya, tayar da bango da rufi na maza ne, gyaran ƙasan ɗaki kuma na mata. Lokacinsa rani, bayan an kai hatsi rumbu, wanda shi ne kuma lokacin aure. Idan an gama ginin ɗakin amarya, uwarta ko gwaggonta ce ke aika wa dangi da maƙwabta cewa rana kaza akwai daɓe. Kafin ranar an cike ɗakin da ƙasa an daidaita shi, an jiƙa, an tara tsakuwa a ƙofa. Da safe a baza tsakuwar kaurin ƴan yatsu, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, wato guntun itace mai nauyi, shafaffen ciki, mai mariƙi a lanƙwashe. Suna duka suna ja da baya, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, sannan su koma su sake. Ba a barin aikin sai tsakuwa ta nutse, laushin ƙasa ya taso sama ya rufe ta. Washegari, idan wurin ya fara shan iska ya yi ƴan tsage-tsage, a sake dawowa a daka su har su rufe. Daga nan ne ake fara shayar da shi ruwan makuba ko bagaruwa, sau da yawa, ana bari yana bushewa tsakani, a ƙarshe a goge da dutse mai santsi har ya yi ƙyalli.

Ba a biyan masu daɓe lada. Fura ce da tuwo da goro, sai kuma bashin zumunci, domin wadda aka yi wa ƴarta yau ita ma za ta ɗauki madaɓi ranar da aka kira ta. Aikin yana buƙatar hannuwa su sauka tare, kuma waƙa ce ke daidaita su. Masu nazarin adabin baka suna jera waƙoƙin daɓe tare da na niƙa da na daka a rukunin waƙoƙin aikin mata: ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, a yabi dangin amarya, a zolayi ango, a jefi kishiya da habaici wanda ba za a iya faɗa da fatar baki ba. Ɗakin da aka daɓe da kyau shaida ne cewa amarya tana da mutane.

Launin daɓe da ƙarfinsa suna da dalili na kimiyya, ko da yake masu yinsa ta hanyar gwaji suka gano shi. Makuba daga ɓawon ɗorawa take fitowa: a jiƙa shi ko a dafa, ruwan ya yi ja mai duhu. Amma ɗorawa itaciya ce ta inda ruwan sama ke da yawa, ba ta jin daɗin arewacin Adar. Abin da ke kusa da hannu a nan bagaruwa ce, wadda ke tsirowa a bakin tabkuna da kwaruruka, kuma ƴaƴanta ne majema ke jeme fata da su. Ɓawon ɗorawa da ƴaƴan bagaruwa duk suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda shi ne ke ba su bauri a baki. Marmara kuwa jan da ke gare ta na tsatsar ƙarfe ne. Idan tanin ya gamu da ƙarfe sai launi ya koma baƙi-baƙi, ƙwayoyin ƙasa su ƙara kama juna, ruwa ya rage shiga. Dukawa sun san wannan sirri ta wata fuska: ruwan da aka jiƙa guntayen ƙarfe a ciki, idan aka shafa shi a fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take take yin baƙi. Launin daɓe a cikin jikinsa yake, shi ya sa shara da tafiya ba sa kankare shi yadda suke kankare fenti.

Bango ma yana da nasa gyaran. Bayan yaɓe, mata kan shafe cikin ɗaki da farar ƙasa, su zagaye gindin bango da jar ƙasa ko ruwan bagaruwa, wani lokaci a ɗaga daɓen kansa ya hau bango kamar taƙi guda don kada tsintsiya da ruwa su ci gindinsa. Babban ado shi ne jere. Da farko ƙorai ne da faya-fayai, daga baya tasoshi, sannan kwanukan sanholan da ƴan kasuwa suka riƙa kawowa a zamanin Turawa, ana jera su daga ƙasa har kusa da rufi. A wasu gidajen ana lanƙaya faranti a jikin yaɓe tun yana ɗanye, kuma magina kan ɗora ɗaya a tsakiyar rufin daurin guga. Son bango mai ƙyalli da launi ya riga tayil zuwa ƙasar Hausa da daɗewa. Inda ba a damu da ado ba shi ne madafa. Girki a tsakar gida ake yi, a kan murhu mai duwatsu uku, ko a wata ƴar rumfa da hayaƙi ya riga ya baƙanta, wanke-wanke kuma a durƙushe a gefen katanga. Ba wani bango guda da ruwa da mai ke fantsama a kansa kullum, balle a nemi abin da za a kare shi da shi.

Raunin daɓe sananne ne. Yana zaizayewa a bakin ƙofa, yana yin rami a ƙarƙashin ƙafar gado, yana ruɓewa a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, gara kuma takan huda shi ta fito. Ɗakin da ake so ya ci gaba da kyau sai an riƙa yi masa faci, bayan ƴan shekaru a farfashe a sake. Muddin akwai gayya, wannan ba matsala ba ce.

Simintin zamani a Ingila aka fara shi, inda Joseph Aspdin ya yi rajistar nasa a 1824. Faransawa sun kafa sansani a Tawa tun farkon ƙarni na 20, amma yawancin gine-ginensu na farko da laka aka yi su, domin kawo buhun siminti daga bakin teku zuwa Adar ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Kaura Namoda a 1929, na Dahomey kuma, wato Benin ta yau, ya tsaya a Paraku a tsakiyar shekarun 1930. Daga waɗannan tashoshi sai mota ko raƙumi. Saboda haka aka riƙa tattalin siminti, ana sa shi inda ya zama dole: ƙasan ofis da asibiti da aji, ma'ajiyar ruwa, da bakin rijiya. A ƙauyuka da yawa na arewacin Tawa, rijiyar siminti ce ta fara nuna wa mutane abin, musamman bayan samun ƴancin kai a 1960, lokacin da hukumar OFEDES ta riƙa gina rijiyoyi a karkara.

Abin mamaki, dutsen da ake yin siminti da shi yana kwance a ƙarƙashin Adar tun fil'azal. Miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe yankin, ya bar farar ƙasa mai kauri wadda har yanzu ake tsintar ƙwanson halittun ruwa a cikinta, tare da jibsin da ake haɗawa a niƙa. Wannan shimfiɗa ce ta miƙa har Sakkwato. Don haka ba haɗuwa ce ta banza ba da masana'antu biyu suka tashi kusan lokaci ɗaya a ɓangarori biyu na iyaka: ta Malbaza, a kudancin jihar Tawa, a tsakiyar shekarun 1960, da ta Kalambaina kusa da Sakkwato a 1967. Tsohuwar masana'antar Malbaza ta riƙa fitar da abin da bai wuce tan 40,000 a shekara ba, wanda bai ishi ƙasar ba ko kusa, sai da aka riƙa cike giɓin daga Najeriya da Benin da Togo. Sabuwar da aka ƙaddamar a 2019 an tsara ta ne ta fitar da tan 650,000. Kusancin masana'anta bai sa siminti ya yi arha ga talakan Adar ba, domin wutar gasa dutsen da kuɗin mota suna cin kaso mai yawa na farashin.

Kuɗin sayen sa daga bida ya fito. Adarawa sun yi suna wajen fita neman kuɗi bayan girbi, tun zamanin da ake zuwa Kumasi da Akara da ƙafa, zuwa lokacin da Abijan da Legas da Kamaru da Libiya da Aljeriya suka zama wuraren zuwa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙara tura samari waje, hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970 kuma ta sauƙaƙa zirga-zirgar mutane da kaya. Ɗan bida da ya dawo da ɗan abin hannunsa ba ya iya rushe gida ya sake, amma yana iya sayen ƙofar ƙarfe da buhu uku ko huɗu, wanda ya isa a yi wa ɗaki madaidaici ƙasa. Shi ya sa siminti ya fara shiga gidan laka ta ƙasan ɗaki, tun kafin a yi maganar bulo. Da shigarsa aikin ya tashi daga hannun mata ya koma hannun birkila da yaronsa, ya tashi daga gayya ya koma jinga. Mata sun huta da ciwon baya da kantar hannu, wannan ba abin musu ba ne, amma madaɓi ya koma bayan rumbu, waƙoƙinsa kuma sai a bakin tsofaffi da littattafan makaranta. Darajar ɗakin amarya ta daina nuna yawan danginta, ta koma nuna abin da ango ya samo a waje.

Siminti tsirara toka-toka ne, idon da ya saba da launin daɓe kuwa bai gamsu da shi ba. Magina suka ɗauko dabarar da aka gani a gidajen gwamnati da kantunan Turawa: garin launi, mafi yawa ja, wanda shi ma tsatsar ƙarfe ce aka niƙa, ko kuma kore ko rawaya. Bayan an zuba kwaɓin yashi da siminti an daidaita, sai a gauraya garin launi da busasshen siminti a barbaɗa a kai tun yana da danshi, a yi ta lailaya da cokalin gini har ya yi sumul. Wasu kan danna igiya a kai su fitar da layuka murabba'i, wasu su bi da ƙarfe mai ƙuraje don kada a zame. Jan siminti da aka yi da kyau yakan kai shekaru masu yawa, yana ƙara ƙyalli da yawan goga. Wanda aka yi da ha'inci kuwa ba ya kai damina biyu. Dalilan lalacewarsa ba su da yawa: a rage siminti a ƙara yashi, a cika ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bazawa, ko a ƙi shayar da shi bayan an gama. Siminti yana buƙatar danshi na kamar mako guda kafin ya kama sosai, iskar hunturu da zafin bazara a Tawa kuwa suna busar da shi cikin sa'o'i, ruwan shayarwar kuma a wurare kamar Takanamat sai an ja shi daga rijiya mai zurfi.

Haɗa siminti da laka ya zo da wata matsala da magina suka daɗe suna fama da ita. Idan aka yi wa bangon laka filasta, ko da an kafa ƙusoshi ko an danna tsakuwa don ta kama, abubuwan biyu ba sa miƙewa da tsukewa tare. Filasta takan rabu da bango ta bar rami a baya, ruwa ya shiga ya kasa fita, bangon ya ruɓe a ɓoye yayin da fuskarsa ke nuna lafiya lau. Ƙasan siminti ma yakan hana danshin ƙasa fita ta tsakiyar ɗaki, ya tura shi gindin bango. Daɓe da yaɓe ba su da wannan aibi, domin suna barin danshi ya fita.

Leda ta zo a matsayin mafita mai sauƙi. Ana sayen ta a naɗe, da awon mita, mai zanen furanni ko na katako ko na tayil, a shimfiɗa a kan siminti ko ma a kan tsohon daɓe. Ta shiga cikin kayan ɗakin da iyayen amarya ke saye, tare da gado da katifa da labule, ta haka wani ɓangare na gyaran ƙasan ɗaki ya koma hannun mata, sai dai yanzu ta hanyar kasuwa. Ba ta daɗewa, garwashin turaren wuta guda ya isa ya huda ta.

Tayil, wanda magina a Nijar suka fi kira karo, tsohon abu ne a duniya, kuma alhazai da fatake sun daɗe da ganin sa a Makka da Masar da Maroko. A Tawa ya daɗe yana tsaye a gidajen manyan ma'aikata da ƴan kasuwa, domin daga Turai ake kawo shi, faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 kuma ta ƙara nesanta shi da mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya sauya lissafin shi ne shigowar kayan China da Indiya daga shekarun 2000, sannan masana'antun da aka kafa a Najeriya da Gana. Kwalayen tayil suka riƙa zuwa ta Kwatano da Gaya da Doso, ko ta Sakkwato su ƙetare iyaka a Ƙwanni. Da farko yawancin masu ɗora shi ƴan Togo da Benin ne, a hannunsu samarin gari suka koya. Shirin Tawa Sakola, wanda aka yi don bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba 2017, ya kawo sababbin gine-gine da tituna, ya kuma ƙara yawan masu wannan sana'a a birnin. Yanzu tayil ya fita daga ɗaki ya hau fuskar gida da ta masallaci da ta kanti, inda yake hana ruwa cin bango, ya kuma hutar da mai gida fentin kowace shekara. Fasassun da suka rage ba a zubar da su, ana sayen su da arha a jera a tsakar gida.

Tayil ɗin bangon madafa shi ne na baya-bayan nan, kuma bai zo ba sai da abubuwa uku suka riga shi: famfo a cikin gida, wurin wanke-wanke a tsaye, da murhun gas. Matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 ta sa tukunyar gas ta yawaita a birane. Da girki ya koma cikin ɗaki, ya tsaya a gaban bango guda, sai miya da mai da ruwan sabulu suka fara ɓata filasta, aka ga amfanin jera tayil layi uku ko huɗu tsakanin teburin girki da kabad, wanda tsumma ɗaya ke gogewa. Duk da haka, gidaje da yawa a Tawa madafa biyu gare su. Ta ciki mai tayil ta shayi ce da taliya da miyar baƙi, tuwon gida mai mutum goma sha kuwa har yanzu a waje ake tuƙa shi da itace. A ƙauyukan Takanamat, inda ruwa ke zuwa a jarka bisa jaki, wannan gyara bai da wurin zama tukuna.

Bene ma siminti ne ya sauko da shi daga hannun sarakuna. Da rodi da kankare, ɗan kasuwa na iya zuba rufi, ya yi shaguna a ƙasa ya ɗora ɗakunan kwana a sama, kuma irin waɗannan gidaje sun yawaita a manyan titunan Tawa. A nan ne wani yayi na ƙasashen waje ya fara leƙowa ta waya da talabijin. A shekarun 1960 da 1970 masu zane-zane a birnin New York na Amurka sun riƙa kama saman tsofaffin masana'antu da ɗakunan ajiya suna mai da su gidaje, suna barin ƙasan kankare yadda suka same shi saboda rashin kuɗi. Daga baya abin ya zama ado na masu hali. Maimakon a rufe kankaren, sai a wanke shi, a zuba masa ruwan asid mai ɗauke da gishirin ƙarfe ko na tagulla, sinadarin ya ci cikin simintin ya bar launin ƙasa-ƙasa ko ja ko kore mai gizo-gizo, a wanke asid ɗin, a rufe da mai sheƙi. Wanda ya san daɓe zai ga dangantakar nan take: a duka biyun ruwa ne ake shayar da ƙasan ɗaki, ya gamu da abin da ke jikinsa, launi ya fito daga ciki.

A Tawa dai har yanzu siminti ba tare da tayil ba alama ce ta cewa kuɗi sun ƙare kafin aiki ya ƙare. Wannan ra'ayi yana sa a raina hanyar da ta dace da wurin. Siminti mai launi ba shi da layukan da ƙurar hunturu ke maƙalewa, ba ya santsi da ruwan alwala kamar tayil mai ƙyalli, ba ya ƙara wa bene nauyi sosai, kuma babban kayan aikinsa daga Malbaza yake, ba sai ya ƙetare iyakar da ake iya rufewa ba, kamar yadda aka gani a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sharaɗinsa ɗaya ne, birkila ya yi aikin ƙasa da gaskiya, domin launi ba ya ɓoye tsaga.

Ita ma laka ba ta fita daga lissafi ba. A ƙauyen Yama, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ya sake masa rufi mai baka da ƙubba a 1975, ya ƙara hasumiyoyi huɗu daga baya, ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin laka suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin ya kammala a 2018, kuma an gayyato maginan da suka yi tsohon ginin suka sa hannu a gyaransa. Duka biyun a jihar Tawa suke. A Ruwanda, wata ƙungiya mai suna EarthEnable tana daɓe ƙasan ɗaki tun 2014 tana rufe shi da man tsirrai mai bushewa, ya zama ana iya wanke shi, a kan kuɗin da bai kai na siminti ba.

Batun ya wuce ado. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan shirin gwamnatin Meziko na zuba siminti a gidajen talakawa ya nuna cewa inda aka rufe ƙasan gida gaba ɗaya, tsutsar ciki ga ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa kuma da kashi 49. A karkarar Nijar, mafi yawan ɗakuna har yau a kan rairayi ko turɓaya suke, ba daɓen kirki, ba siminti, domin gayyar ta yi rauni kuɗin buhun kuma bai samu ba. Bayan ambaliyar daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidajen laka a faɗin ƙasar, gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba ta kuma ƙayyade shi jiha-jiha. Ga magidanci a Takanamat, gyaran ɗakin da ke gabansa shi ne waɗancan buhuna uku ko huɗu, da kuɗin motar da za ta kawo su daga Tawa, da ruwan da za a shayar da aikin har mako guda.